Takardar da Ba a Samu Sai an Jiƙe

In ka ji kalmar fito a Jibiya yau, kada ka waiga neman ruwa. Yaron da ya ce maka fito yake yi, babur gare shi ko tsohuwar mota da aka ɗage wa baya, yana bin hanyoyin daji tsakanin Ɗan Isa da Magama da buhunan shinkafa. Kalmar ta bar gulbi ta hau tudu, har yaran yanzu ba su san daga inda ta fito ba. Kakana na wajen uwa ɗan fito ne na ainihi. In damina ta yi tsakiya gulbi ya kawo, shi ke ƙetarar da mutane da babban masaki: kaya a ciki, jariri a kan kaya, uwar ta riƙe bakin masakin da hannu biyu, shi kuma yana baya yana turawa da ƙirji yana bugun ruwa da ƙafa. Ban same shi yana wannan aiki ba, na same shi tsoho yana saƙar koma a zaure, amma na ji daga bakin mutane da yawa cewa bai taɓa barin kowa a ruwa ba.

Ni ban gaji ruwa ba. Takarda na gada, in ana gadonta. Sama da shekara 20 ina aikin ejan a bakin boda a Magama, ina cike takardun kaya, ina bin su daga tebur zuwa tebur. Na ci abinci da takarda, na aurar da 'ya'ya da takarda, na kuma zauna zaman banza lokacin da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe mana tamu ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Saboda haka in ana maganar abin da hatimi da sa hannu ke iya yi da abin da ba sa iyawa, ina da bakin magana.

Da babbar Sallar da ta wuce ɗan ƙanwata ya zo gida daga Legas. Shekara 7 ke nan da ya tafi. Ya fara da wankin jirage a wani kulob na masu wasan ruwa a bakin teku, yana ɗaure igiya, yana ɗauko wa masu kuɗi kaya. Da yamma a majalisarmu wani ya tambaye shi me yake yi yanzu, sai ya ce yana koya wa yara tuƙin jirgi mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa ba inji, kuma yana tara kuɗi don ya je ya yi gwajin babbar takardar koyarwa. Aka yi shiru na ɗan lokaci, sannan aka fashe da dariya. Wani dattijo da ke sayar da taya ya ce, "To yaro, in ka samo takardar sai ka zo ka koya wa raƙuman Maraɗi." Ni ma na yi dariyar. A raina na ce wannan wasan 'ya'yan Turawa ne da waɗanda kuɗi ya dame su, mutumin da ke neman abin da zai sa a tukunya ina ruwansa da wani ƙyalle a kan ruwa.

Da dare ya zo ɗakina ya ce, "Kawu, ba ka ga abin ba ne. Duba nan." Ya miƙo waya. Na zaci zan ga tsere ko wata bajinta. Abin da na gani shi ne yarinya 'yar kimanin shekara 10 a cikin wani ɗan jirgi da bai fi tabarmar sallah biyu ba, shi kuma yana gefe a jirgi mai inji. Ya yi mata magana, sai ta jingina gefe guda da gangan har jirgin ya kife da ita. Gabana ya faɗi. Kanta ya ɓullo, rigar kariya ta riƙe ta, ba ta yi ihu ba, ba ta nufi gaɓa ba. Ta zagaya bayan jirgin tana riƙe da igiya, ta kama wani katako da ya fito daga cikinsa, ta ɗora nauyinta a kai, jirgin ya juyo ya miƙe. Ta hau, ta ɗauki roba ta fara kwarfe ruwa. Na ce ya maimaita mini. Sau huɗu na kalla. Ya ce, "Kawu, kafin in bar yaro ya yi nisa da gaɓa, sai ya kifar da jirginsa da hannunsa ya tayar da shi. In bai yi ba, ba ya wuce nan."

Daga daren nan na daina dariya, kuma abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan.

Shi dai jirgin ba wani sihiri a cikinsa. Ƙyalle ne a jikin doguwar sanda, da abin juya akala a baya, da wancan katako da ake zurawa ta tsakiya ya shiga ruwa don kada iska ta yi ta tura jirgin gefe. Ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya yi ta karkata dama da hagu kamar jaki mai hawan tudu da kaya, har ya isa inda ya nufa. Wanda yarinyar ke ciki ana ce masa Optimist. Wani maƙerin jirage mai suna Clark Mills ya zana shi a 1947 a jihar Fulorida ta Amurka, da nufin a samu jirgin da uba zai iya haɗa wa ɗansa da falankin katako mai araha. Tsawonsa mita 2 da ɗan ɗoriya, kuma yara ke tuƙa shi har zuwa shekara 15.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na mai cin abinci da takarda, shi ne yadda ake samun izinin koyarwar. Tsarin da yaron ke bi na ƙungiyar masu tuƙin jirage ce ta Ingila, RYA, wadda asalinta ya koma 1875, kuma ana amfani da shi a ƙasashe da dama. Mataki-mataki ne. Kafin a karɓe ka horon malami na farko, sai ka kai shekara 16, sai an gwada tuƙinka an ga ka iya da gaske, sai kana da shaidar taimakon gaggawa, sai kuma kana da shaidar tuƙa jirgi mai inji, domin da shi za ka bi ɗalibanka in wani abu ya faru. Sannan a yi maka horon kwana 5, a ƙarshe wani mai gwaji daban, wanda ba shi ya horar da kai ba, ya zo ya duba ka. Sama da wannan akwai babban malami, wanda shi ke da alhakin duk abin da ke gudana a kan ruwa a ranar, shi ke cewa yau a fita ko kada a fita. Akwai kuma ƙarin shaida ga mai son koyar da tuƙi mai zurfi, irin na jirage masu gudu da ake ƙara wa babban ƙyalle a gaba, inda matuƙi ke rataye jikinsa da igiya a wajen jirgi don ya daidaita shi. Nan yaron ke hari. Takardar kuma ba ta mutu-ka-raba ba ce. Bayan shekara 5 sai an sabunta, sai ka nuna kana kan aikin, shaidarka ta taimakon gaggawa ba ta mutu ba.

Ya ba ni labarin wani gwajin share fage da aka yi masa a inda yake aiki, wanda ya faɗi. Ba tuƙi ya kayar da shi ba, ya fi mai gwajin ma saurin hannu. An ba shi yara shida a jirage shida. Ɗaya ya maƙale da igiya, ya je yana warware masa, ya juya wa sauran baya na ɗan lokaci. Mai gwajin ya matso ya tambaye shi, jirage nawa ke kan ruwa yanzu, kuma ina na shidan? Ya ɗaga kai yana nema. Na shidan bai je ko'ina ba, yana bayansa lafiya lau. Amma tunda sai da ya nema, an ce ya dawo bayan wata uku. Ya ce tun daga ranar, ko a motar haya ya shiga sai ya tsinci kansa yana ƙirga kawuna.

Mu Hausawa muna cewa iya ruwa fid da kai. Karin maganar gaskiya ne, amma ya tsaya a rabin hanya, kuma ina jin mun daɗe muna fakewa da shi. A kusan duk hatsarin kwale-kwale da na taɓa ji, matuƙin yakan fita. Ya iya ruwa, ya fid da kansa. Waɗanda ake jerawa a gaɓa a rufe da zannuwa su ne matan da yaran da ya ɗauko. Abin da wancan tsari ke gwadawa wani abu ne daban: shin in ka fita da mutum shida za ka dawo da shida, kuma shin ka iya sa wa wani abin da ke kanka har shi ma ya iya? Gwanin ruwa daban, malamin ruwa daban. Na farkon muna da su da yawa.

Ba sai na yi dogon lissafi ba, mun san ranakun. A 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ya nutse a kogin Kwara kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, aka nemi fiye da mutum 100 aka rasa. A 30 ga Nuwamban shekarar, a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, kwale-kwalen da ya taso daga Badau ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na nan jiharmu, a Mai'aduwa, cikin bukukuwan ƙaramar Sallah a watan Mayun 2022. Yara ne da kayan Sallah suka shiga jirgi don yawon shaƙatawa, ba kasuwa za su ba, ba gona za su ba. Sama da 10 ba su koma gida ba. Duk wanda ya ce mini wasan ruwa ba al'adarmu ba ce, sai in tuna masa Mai'aduwa. Yaranmu suna wasan ruwa tuni, abin da babu shi ne babban da aka horar ya tsaya a kansu.

Ga kuma wani abu da ban taɓa jin an faɗa a jawaban ta'aziyya ba. Yawancin ruwan da ke cin mutanenmu a wannan yanki sabon ruwa ne. Dam ɗin Jibiya yana kan kogin Gada, bangonsa ya haura kilomita 3 da rabi, an gina shi ya riƙe ruwa mita kubik miliyan 142, don noman rani da ruwan sha. Ina saurayi aka yi shi, na ga gonakin da ruwan ya haɗiye. Haka Zobe a Dutsin-ma, haka Ajiwa, haka Watari da Tiga a Kano, haka Goronyo da Bakolori. Gwamnati ta kawo teku ta ajiye a tsakiyar mutanen tudu, manoman gero da makiyaya, waɗanda ruwan da kakanninsu suka sani shi ne gulbin da ke kawowa wata uku ya janye ya bar yashi. An kawo injiniyoyi, an kawo famfuna da magudanai, amma ba a kawo ko mutum ɗaya da aikinsa shi ne koya wa mutane zama da zurfin da ya fi tsawon gidan sama ba. Masakin kakana ba zai yi aiki a nan ba. Ruwan dam faɗi gare shi, iska na samun filin da za ta tayar da igiyar ruwa, a ƙarƙashi kuma akwai kututturan itatuwan da aka bari a tsaye.

A inda ruwa ya daɗe, akwai tsari tun kafin a san hatimi. Sarkawa da Kabawa da Gungawan Yawuri suna da Sarkin Ruwa, kuma ba sarautar rawani kawai ba ce. Shi ke cewa a shiga ko kada a shiga. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ba mai jefa koma a Matan Fada sai masu ruwan sun ba da izini, wasannin Kabanci kuwa, da tseren kwale-kwale da ninƙaya da nutso, ai gwaji ne a bainar jama'a. A Yawuri akwai Rigata. Kakana ya ce shekara uku ya yi yana bin ubansa a baya ba a ba shi mutum ba, sai buhu da akuya. Ranar da aka yarda ya ƙetarar da ɗan Adam, uban ya zaɓi ƙanwarsa ta ciki ɗaya ya ce ya fara da ita. In ka cire Turanci da tambari daga tsarin da ɗan ƙanwata ke bi, abin da ya rage ba shi da nisa da wannan: ka daɗe a ƙarƙashin wani, wanda ya fi ka ya gwada ka, akwai mai ikon cewa yau ba fita. Bambancin shi ne su sun rubuta nasu, sun sa masa wa'adi, sun buɗe shi ga wanda ubansa ba ɗan ruwa ba ne. Mu namu ya tsaya a gado, injin jirgi kuma ya zo ya tsallake gadon. Yau duk mai kuɗin sayen inji matuƙi ne.

Doka akwai ta. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, tana da ƙa'idojin sufuri da suka hana lodi fiye da kima, suka hana tafiyar dare, suka wajabta rigar kariya. Tun Agustan 2023 ma akwai ma'aikatar tarayya sukutum ta harkokin ruwa da tattalin arzikin teku. Ana raba rigunan kariya lokaci-lokaci, kuma madalla da hakan. Sai dai riga ba ta ɗaure kanta. Na taɓa ganin wata a wani ƙauye an yi wa jariri matashi da ita. In ba a ɗaure ta daidai ba, mutum na faɗawa ruwa take haurowa ta kansa ta tafi abinta. Wa zai nuna wannan? Wa zai sa matuƙi ya kifar da jirginsa a ruwa mara zurfi ya ga da idonsa cewa jirgin katako in ba nauyin inji da kaya ya ja shi ba sau da yawa yakan tsaya a sama, kuma fasinjan da ya riƙe shi ya fi wanda ya nufi gaɓa samun tsira? Dokar ta yi maganar matuƙi da jirgi. Ni ina ganin a fara daga mai koya wa matuƙin.

Nan ne tsorona yake, kuma tsoron mai sana'a ne. Ranar da aka ce kowane mai kwale-kwale sai da takarda, washegari za a samu mai sayar da ita. Na san mutanen da lasin ɗin tuƙin mota ya iske su a gida ba su taɓa riƙe sitiyari a gaban mai gwaji ba. Wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Jibiya, 'yar tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba, ya san yadda takarda ke zama dalilin tsayar da mutum maimakon dalilin sakinsa. Ba na so a kai shinge kan ruwa. Talakan masunci da ke samun na cefane da ƙyar, a ƙara masa wani mai rasit a bakin gaɓa, wannan zalunci ne da sunan ceto.

Maganin da na gani a wancan tsarin shi ne ita takardar ba a samunta a ofis. Sai an jiƙe. Saboda haka in jihar Katsina za ta yi, ga yadda nake ganin a yi. A ɗauki mutum kaɗan, ko 12 ne, daga Jibiya da Zobe da Ajiwa da Mai'aduwa, rabinsu daga masuntan da ruwan ya riga ya sani, ko da ba su iya karatun boko ba. A horar da su su zama malamai, da Hausa. Gwajin ya kasance a bakin dam, ranar Lahadi da kasuwar Jibiya ke ci, kowa na kallo: ka kifar da jirgi ka tayar, ka ciro mutumin da ya faɗa ba ka buge shi da jirgin ba, ka farfaɗo da wanda ya sha ruwa, ka dubi jirgi ka faɗi mutum nawa zai ɗauka, sannan a kawo maka wani mai faɗa a ji ya matsa maka ka ƙara mutum ɗaya a ga ko za ka iya cewa a'a. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya a ƙasarmu. Mutum biyu su sa hannu, Sarkin Ruwa da mai gwaji daga wani gari. Wanda ya horar ba shi zai gwada ba. Bayan 'yan shekaru a sake. Abin da aka yi a gaban 'yan kasuwa ɗari biyar da wuya a saye shi a bayan ofis, domin gobe kowa zai ce ai ba mu ga ranar da wane ya shiga ruwa ba.

Kuma a yi da Nijar. Kogin Gada in ya bar mu shi ne Gulbin Maraɗi, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya sake dawowa Najeriya ya haɗu da Rima. A daren ambaliyar watan Yulin 2018, da ruwa ya ci sama da mutum 40 a garin nan, wasu gawarwakin a ƙasar Nijar aka tsinto su. Ba wanda ya tambaye su takarda a Ɗan Isa, 'yan'uwanmu na can ne suka ciro su. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, sun kuma sa hannu kan yarjejeniyar rabon ruwan kogunan da suka haɗa su a Maiduguri a 1990. In an iya zama kan rabon ruwan, ana iya zama kan shaidar malamin da zai yi aiki a dam ɗin Jibiya yau, gobe a tafkin Madarunfa. Na san dangantakar gwamnatocin ta yi tsami, amma wannan ba maganar da sai an je Abuja da Yamai ba ce, hakimai da sarakunan ruwa na iya farawa.

Za a ce mini garin da 'yan bindiga suka hana noma, aka kwashe shekaru mutanen ƙauyuka na kwana a makarantu, shi ne za a yi wa maganar koyon jirgi? Na ji, kuma ni ma na binne nawa. Sai dai rashin tsaron ma ya tura mutane ruwa: a Zamfara da Sakkwato sau nawa muka ji mutane sun cika kwale-kwale suna gudun hari ko suna kauce wa hanyar da ba ta biyuwa. Za a ce tsargiya, kuma wannan gaskiya ce, ruwan dam na ɗauke da ita. Dole a zaɓi wuri, a haɗa da ma'aikatan lafiya da maganinta. A Bangaladash, inda nutsewa ke cikin manyan masu kashe yara, a tafkunan ƙauye ake koyar da ninƙaya, a kafa dandamalin gora a kewaye wuri mara zurfi, malaman kuma matasan garin ne da aka horar. Ba su jira wurin wanka na otal ba. Sai maganar mata, wadda ita ce aka fi gudu. Su ne suka fi mutuwa, su ne kuma ba a koya wa. Ba uban da zai miƙa 'yarsa budurwa ga namiji a bakin ruwa, ni ma ba zan miƙa ba. To a horar da mata malamai, a kewaye musu wuri, a ware musu rana. Maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar kan koya wa 'ya'ya ninƙaya da harbi da hawan doki, malamanmu sun san ta sarai, sai dai mun riƙe dokin mun saki ruwan.

Shi ƙyallen kansa fa? Ba na mafarkin ɗan Jibiya a gasar Olamfik, ko da yake ban ga abin da zai hana ba. Amma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, iskar hunturu da ke kaɗawa daga arewa maso gabas wata uku cur ba ta ƙara ko kwabo ba. A gabar Afirka ta gabas, daga Lamu zuwa Zanzibar, talakawan masunta da ƙyalle suke fita har gobe. Kafintan da ke haɗa gadon amarya a garin nan zai iya haɗa ɗan jirgin yara in an ba shi awo. Kuma ba yau jirgi mai ƙyalle ya fara ratsa ƙasar nan ba. Ayarin su Barth, Baturen matafiyin nan da muka sani da Abdulkarim, sun taho da jirgi daga Malta, aka yanka shi gida huɗu aka ɗora wa raƙuma aka ƙetare Sahara. Abokin tafiyarsa Overweg, wanda ya ziyarci Maraɗi da Gobir a 1851, shi ya haɗa shi ya shiga tafkin Chadi a shekarar. Ashe dattijo mai taya bai yi nisa da gaskiya ba da ya haɗa jirgi da raƙuma. Amfanin ƙyallen ga yaro shi ne yana tilasta masa kallon sama. Mai inji yana iya mantawa da iska har ta zo ta same shi. Mai ƙyalle kuwa tun hadari na haɗowa a gabas, tun fuskar ruwa ta fara yin duhu daga nesa, ya riga ya juya.

Kwana biyu kafin ya koma, na kai yaron bakin dam wajen wani tsohon masunci da muka saba. Suka gaisa, tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai ne malamin ruwan? To yau da wane lokaci iska za ta tashi?" Yaron ya duba waya ya ce wajen ƙarfe huɗu. Tsohon ya dubi tsuntsayen da ke can tsallake, ya ce kafin la'asar dai. Ta tashi ana kiran salla, kowannensu ya ce shi ya ci. Daga nan yaron ya roƙe shi, "Baba, ka ba ni aron jirginka mu kifar da shi a nan gefe." Tsohon ya ce shekara 30 yana roƙon Allah kada jirgin nan ya kife, yau kuma a ce ya kifar da shi da hannunsa? Sai da na sa baki, na kuma yi alkawarin kuɗin ƙusa da kwalta in wani abu ya fashe. Ya ce to a bari ya kwashe kifinsa tukuna.

Suka kifar da shi inda ruwa ya kai ƙirji. Bai nutse ba. Yaron ya kira almajirai uku da ke wanki a gefe, ya ɗaura wa biyu rigunan da ya zo da su, na ukun ya riƙe jarka, ya sa su kama gefen jirgin su ƙirga zuwa ɗari da ƙarfi. Na farko ya yi kuka a wajen ashirin, ya daina a wajen arba'in. Juyo da jirgin ya ba su wuya, na katako ne mai nauyi, dabarar Legas ba ta yi aiki ba sai da tsohon ya nuna musu yadda ake girgiza shi gaba da baya ruwan ya riƙa fita ta baki. Yaron ya ce wannan ba a koya masa ba, ya sa tsohon ya sake yi yana ɗauka a waya.

Ya bar rigunan biyu a wajen tsohon. Ranar Juma'ar da ta biyo na leƙa, na tarar da yara 14 a bakin gaɓa suna jiran layi, tsohon yana cikin ruwa har ƙugu yana faɗa da wani da ya ɗaure rigar a baibai.